Yadda na auna hanyoyin ƙafa a ƙauyukan Gider

A shekarar 2006 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ke ƙirga mutanen karkara mazauna cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar motar da ake bi rani da damina. Ma'aunin yana da amfani, amma bai ce komai ba a kan waɗannan kilomita 2 ɗin, alhali a nan ne ake dakon gyaɗa da auduga, a nan ne kuma ake ɗaukar mai naƙuda zuwa bakin titi. Wannan giɓin ne ya sa na shiga auna hanyoyin ƙafa a ƙauyukan da ke kewaye da Gider, a arewacin Kamaru.

Kayan aikina ba su wuce waya mai nuna taswira, da agogo, da igiya mai ƙulli a kowace mita ba. Kowane ƙauye na shiga, sai na fara gaida jauro, wato mai garin, shi kuma ya haɗa ni da wanda ya san hanya.

Faɗin hanya na fara dubawa, kuma abin da nake tambaya shi ne ko jaki mai mangala zai wuce ba tare da ƙaya ta yage buhu ba. A wurare da dama manoma sun ci burtali har ya tsuke, shingen ƙaya dama da hagu, ta yadda idan garken shanu ya taho dole mai tafiya ya faɗa gonar wani.

Mashigin rafi, wanda a nan ake kira mayo, shi ya fi ɗaukar mini lokaci. A watan Maris yashi ne kawai, yara na haƙa shi suna ɗiban ruwa. A watan Agusta kuwa, idan aka yi ruwa a duwatsun Mandara, rafin kan cika ko da ba a ga ɗigo ɗaya a ƙauyen ba. Na tsaya a wani mashigi na ga wata dattijuwa da ƙwaryar nono a ka ta tsoma sandarta, ta duba inda ruwan ya kai, ta koma gindin tsamiya ta zauna jira har kasuwa ta watse. Taswirar wayata ta nuna wannan hanya a buɗe take. Haka nan baƙar lakar da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta, da ruwa ya taɓa ta sai ta riƙe takalmi da tayar babur.

Abin da na koya shi ne, ba a gane sauƙin hanya daga tsawonta, sai daga wurin da ya fi muni a cikinta, kuma bai dace a auna ta da saurin saurayi marar kaya ba. Saboda haka nakan bi masu kaya a ka da tsofaffi, in rubuta mintocin da suka ɗauka a tsakiyar damina, sannan in sa alama a kan mashigi ko kwazazzabon da ke tsayar da su, domin a nan ya kamata a fara zuba dutse idan an tashi gyara.