Yau aka buɗe wa Kawu jijiyar zuciya

Laraba. Muna idar da asuba muka baro ƙauyenmu na bayan Ringim, muka kamo hanyar Kano. Inna ko runtsawa ba ta yi ba jiya, a tunaninta tsaga ƙirjin Kawu za a yi.

Tun farkon damina yake fama. Ya ɗan yi huɗa kaɗan sai ya dafe ƙirji, gumi ya karyo masa, ciwon ya gangaro hannun hagu. Kowa ya ce olsa ce, aka yi ta sayo magani a kemis. Sai da likitan zuciya ya duba shi ya ce kitse ne ya ƙuntata ɗaya daga jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta.

Ashe ko barci ba a sa mutum. Allurar kashe zafi aka yi masa a wuyan hannu, aka zura wata siririyar roba ta cikin jijiya har zuciya. Suka tura ruwan da ke fitowa a hoto, likita yana kallon allo har ya ga inda jinin ya maƙale. Nan ya hura ɗan mitsitsin balan-balan, ya bar wata ragar ƙarfe ta tokare wurin. Kawu ya ce yana jin su suna magana, shi kuma yana ta salati. Likitan ya ce wani Andreas Grüntzig ne ya fara hura jijiyar zuciya haka a Zurich, a 1977.

Maganar da ta tsaya mini a rai daban ce. Ya ce in jijiyar ta toshe gaba ɗaya, so ake a buɗe ta cikin minti 90 da isar mutum asibiti, don naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa. Mu fa kafin a samu mota a fito titi, rana ta yi. Mutum nawa muka binne muna cewa faɗuwa kawai ya yi?

Da Inna ta shiga ta ga filasta kaɗai a hannunsa, cewa ta yi, "Malam, wai shi ke nan?"

An ja mana kunne sosai: asfirin da ɗaya maganin hana daskarewar jini kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi, in ba haka ba ragar na iya toshewa. Sigari kuwa an yi sallama. Gobe za a sallame shi in Allah ya so, girbin gero kuma mu yaran za mu yi.