Godiya ga duk wanda ya sa hannu a karatuna

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, walimar da 'yan'uwa suka shirya mini ranar Asabar a Mabera, ta kammala digirina na akanta a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, an yi lafiya an watse lafiya. Waɗanda suka tako daga Gwadabawa, Illela da Boɗinga, da waɗanda suka bugo waya, Allah shi bar zumunci. Ran nan kuka ya hana ni magana, shi ya sa na zo nan in faɗi abin da ke raina.

Da Inna zan fara. Lokacin da na ce zan rubuta NECO ta 'yan waje, wato jarrabawar kammala sakandare ta waɗanda ba sa makaranta, ban da ko kuɗin fom. Kwasar adashenta ce ta faɗo, wadda ta yi niyyar sayen akuya da ita. Ta kwance bakin zane ta ƙirgo mini kuɗin, duk sun sha man ƙuli, ba ta ko tambaye ni mene ne NECO ba. Inna, Allah shi ba ni ikon yi miki biyayya har ƙarshen rayuwa.

Ni almajiri ne, allo na sani da ajami. Sai da gemu ya fito mini sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci ina koyon baƙi da wasalin boko. Malaminmu na ajin, a kwanakin da gwiwata ta yi sanyi, yakan tuna mini da marigayi Wazirin Sakkwato, Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A zaure ya yi karatunsa, amma sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma masu digiri suka riƙa zuwa ɗaukar tarihi a gabansa. Malam, wannan maganar ta riƙe ni fiye da yadda kake zato.

Sai maigidana, Alhaji. Aikina a wurinsa shi ne barbaɗa wa fatu gishiri da jera su. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya san yadda gishiri ke tsattsaga yatsu, har riƙe biro ya zama wahala. A cikin zafin Afrilu, in rana ta take, nakan raɓe a rumfa ina bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa a wayar da gilashinta ya fashe. Alhaji ya gan ni, bai ce ina cin lokacinsa ba. Washegari ya miƙo mini littafin ciniki ya ce, "Tunda lissafi kake so, ga shi nan, fara da wannan." A littafin nan na fahimci bashi da riba tun kafin in gan su a takardun jami'a. Ranakun jarrabawa kuwa bai taɓa yanke mini ko kwabo ba. A ganina iyayen gida irinsa sun fi masu raba kuɗi a bainar jama'a amfani, don shi lokaci ya ba ni, kuma shi ne abin da ɗan aiki ba ya da shi.

Uwargida, ke kika san daren da ba wuta, kina yi wa yara fifita ina karatu da tocila. Kin haƙura da ɗinkin Sallah don kuɗin rajista. Yanzu layi ya zo kanki, alƙawarin komawarki makaranta yana nan, garin Nana Asma'u muke.

Abokan karatuna na cibiyar jami'ar da ke Sakkwato, musamman ƙanen da ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta ana gobe jarrabawa, na gode.

A watan jiya wani kamfanin fatu ya ɗauke ni aikin akanta. 'Yan'uwana 'yan kabu-kabu da yaran shago da suka yi ta tambayata a wurin walima yadda ake shiga jami'ar: ana buƙatar kiredit 5 a jarrabawa irin ta NECO, har da Turanci da Lissafi, kuma jami'ar ba ta hana mutum sana'arsa, don yawancin karatun kai ne da takardunka. Littattafaina na shirin NECO suna nan a gida. Mai so ya same ni a masallacin shiyarmu bayan Isha'i, mu duba fom ɗin tare.