Godiyarmu ga Waɗanda Suka Ɗauki Baba

Ɗaukaka ga Yesu! Girma ga Maryamu!

A madadin Mama, da 'yan'uwana maza da mata, da jikoki, ina miƙa godiyarmu ga jama'ar ikilisiyarmu da ƙananan majami'un ƙauyuka da ke ƙarƙashinta, da dangi, da maƙwabta, saboda tsayuwar da kuka yi mana tun daga ranar da Baba ya faɗi har ranar da muka kai shi makwancinsa. Mama ta ce kada in kama sunan kowa. Ta ce in na fara jero sunaye dole in tsallake wani, kuma mai yiwuwa wanda zan tsallake shi ne ya fi kowa shan wahala. Saboda haka duk wanda ya ga aikinsa a cikin wannan rubutu, da shi muke.

Yaran yanzu da yawa ba su san Baba ba sai a kan kujera, baki a karkace, hannun dama a ajiye bisa cinya. Ina so su san wanda suka yi wa hidima. Baba ya yi karatu a makarantar horar da katikis ta Malumfashi, wadda ke ɗauke da sunan Waliyi Yusufu Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Uganda. A zamanin Bishop Michael Dempsey ne, lokacin da duk ƙasarmu ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, kuma Fadan Dominikan da suka zo daga Amurka suka sauka a Gusau su ne ke zagaya wannan yanki. Fada ɗaya, ƙauyuka rututu, hanya kuwa da damina sai mai ƙarfin hali. Ranar Lahadi katikis ne ke buga ƙararrawa, ya jagoranci addu'a, ya karanta Bishara, ya bayyana ta da Hausar da manomi zai koma gida da ita. Shi ke koya wa yara katikisim a gindin bishiya, shi ke shirya masu neman baftisma da masu shirin aure, shi ke sasanta miji da mata, shi ake tasa da tsakar dare in jariri na shirin tafiya ba a yi masa baftisma ba. In aka yi mutuwa, shi ke tsayawa a bakin kabari. Duk wannan a kan keke yake yi, kuma gonarsa ta dawa da auduga ita ke ciyar da mu.

Akwai labarin da bai gajiya da ba mu: yadda suka shiga bayan babbar mota zuwa Kaduna a watan Fabrairun 1982 don su ga Paparoma John Paul na Biyu yana naɗa sababbin Fada. Sai ga shi Allah ya ja kwanansa har ya ji da kunnensa cewa Paparoma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katsina a watan Oktoban 2023, aka kuma naɗa ɗan ƙasar nan, Bishop Gerald Mamman Musa, a watan Disamba na shekarar. A lokacin harshensa ya riga ya yi nauyi, amma hawayen da ya zubar ranar da aka kawo masa labarin ya isar da abin da yake son faɗa.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da duk aikinsa da baki yake yi, ya koma sai nuni da ido. Muna godiya ga ma'aikatan jinya da suka kula da shi a asibiti, da mai gashin ƙashi da ya riƙa zuwa gida. Amma jinyar shanyewar jiki ba a asibiti take ƙarewa ba, a gida take farawa. Akwai juya majiyyaci dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi, akwai wanka, akwai wankin shimfiɗa kullum, akwai ba da kunu da cokali a hankali don kada ya shaƙe. Mu 'ya'yansa aiki da aure sun watsa mu garuruwa. Muna zuwa, muna aikowa, amma kuɗin da aka turo ta waya ba ya ɗaga mutum daga katifa. Mama kuma ga tsufa, ga ciwon gwiwa.

A nan ne iyayenmu na Zumuntar Mata suka shigo. Ba wanda ya roƙe su. Suka zauna a taronsu, suka raba kwanaki a tsakaninsu, unguwa unguwa, suka rubuta a littafi. Wadda ranarta ta zo takan iso tun da sassafe da kunu a kwano, ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta wanke abin da ke buƙatar wanki, sa'an nan ta zauna ta yi hira da Mama, wadda ita ma take buƙatar jinya irin tata. Wata cikinku goyo take da shi, wata gwauruwa ce mai marayu, wata da ranar kasuwarta ta sadaukar. Na san abin da ranar kasuwa take nufi ga mai sayar da ƙosai. Iyayenmu, sannunku. Allah ya ba ku masu yi muku, ya sa 'ya'yanku su ji ƙanku.

Iyayenmu maza na Zumuntar Maza su suka ɗauki nauyin wankan Baba da askinsa, don su rufa masa asiri, su kuma sauƙaƙa wa Mama. Tsofaffin ɗalibansa ne yawancinsu, waɗanda ya koya wa alamar gicciye suna yara. Mun gode. Ga 'yan Rundunar Maryamu da ba su fasa zuwa yin rosari a ɗakinsa ba, musamman a watan Mayu da na Oktoba, mun gode. Ku kuka fara lura cewa yana bin carbin da hannun hagu, ƙwaya bayan ƙwaya, ba ya kuskure, kuma in an zo A Gaishe Ki Maryamu leɓɓansa na motsi. Ga 'yan Sen Binsen, ƙungiyar taimakon mabukata, da suka kawo hatsi da sabulu a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba tare da kowa ya ji ba, mun gode.

Matasa kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Ku kuka yi gayya kuka nome gonar Baba, ku kuka girbe, kuka kawo har ƙofar rumbu. Amma abin da ba za mu taɓa mantawa da shi ba shi ne Lahadi. Da kuka gane cewa Baba na juya fuska bango yana kuka duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, sai kuka yanke shawara a tsakaninku. Babur ba zai ɗauke shi ba, amalanke kuma girgiza za ta yi masa yawa. Sai kuka zaunar da shi a kujerar roba, kuka ɗaure shi da zanen Mama, kuka ɗaga, daga gida har gaban bagade. Da rani cikin ƙura, da damina cikin taɓo, kuna karɓa-karɓa a hanya. Wasu da suka fara wannan aiki sun tafi makaranta, wasu sun tafi ci-rani, ƙannensu suka gaje su. Kujerar ba ta taɓa rasa masu ɗauka ba.

Shi ya sa ranar jana'iza, da Fada ya ɗauko labarin nan na Bisharar Markus sura 2 a cikin wa'azinsa, majami'a ta yi tsit. Yesu na cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika har bakin ƙofa. Mutum huɗu suka zo ɗauke da shanyayye. Ba hanyar shiga, sai suka hau bisa, suka buɗe rufin, suka zura shi da shimfiɗarsa a gaban Yesu. Fada ya ce mu lura da abu biyu. Na farko, shanyayyen bai ce uffan ba. Bai roƙa ba, bai yi shaida ba. Markus ya ce da Yesu ya ga bangaskiyarsu, wato ta waɗanda suka ɗauko shi, sai ya yi magana. Na biyu, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba.

Tun ranar nake juya wannan magana a zuciyata. Baba ya koya wa ɗaruruwan mutane addu'ar Na Ba Da Gaskiya, amma a shekarunsa na ƙarshe bai iya furta ko layi ɗaya ba. Ku kuka riƙa furtawa a kewaye da shi, yana tsakiyarku. Akwai kuma lokutan da mu iyalinsa addu'a ta gagare mu, gajiya ta cinye mu, bakinmu ya mutu. A waɗannan ranaku da bangaskiyarku muka tsaya. Na girma a gidan katikis, na haddace cewa Ikilisiya jiki ɗaya ce, amma sai a wannan jinya na ga abin da ido.

Akwai abin da ya yi mini nauyi a cikin labarin, kuma na san ya yi wa wasu. Mutumin Kafarnahum ya tashi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya tafi gida da ƙafarsa. Baba bai tashi ba. Mun yi azumi, mun sa an yi Misa, mun roƙa da hawaye, bai tashi ba. Fada bai kauce wa wannan ba, kuma na gode masa da bai kauce ba. Ya tuna mana cewa kafin Yesu ya ce wa mutumin ya tashi, abin da ya fara ba shi shi ne gafarar zunubi, kuma wannan ita ce babbar kyautar. Ita Baba ya samu a cike. An shafe shi da mai kamar yadda Wasiƙar Yakubu sura 5 ta umarta, ya karɓi Jikin Almasihu har makonsa na ƙarshe. Tashin kuwa muna jiransa, tare da shi.

Fada, mun gode. Kowa a ƙasar nan ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, da aka kai hari gidan Fada a Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da Fada Joe Keke, ko kuma shekarar da ta biyo baya da aka sace Fada biyu a Gidan Mai Kambu. Duk da haka, daren da numfashin Baba ya canza, kira ɗaya aka yi maka ka hau babur ka zo. Allah ya tsare fitarka da shigarka. Muna godiya ga sauran Fada da suka tsaya tare da kai a bagade, da Sistoci, da masu hidimar bagade. Ga katikis 'yan'uwan Baba da suka zo daga nesa suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa, Allah ya ƙara muku ƙarfi. Ga mawaƙa da masu kiɗa da suka kwana a tsaye daren zaman makoki, suka tono tsofaffin waƙoƙin da Baba ke so, har Mama ta ɗaga kai ta bi, Allah ya saka.

Masu haƙa kabari, ƙasar kaka ta fara tauri, kun fita tun asuba, ba ku karɓi ko sisi ba. Matan da suka kwana a bakin murhu suna tuƙa tuwon dawa don kada baƙo ya koma da yunwa, masu kawo itace, masu aron kujeru da tabarmi da rumfa, Allah ya sa albarka a abin hannunku.

Godiya ta musamman ga danginmu da maƙwabtanmu Musulmi. Gidanmu kamar gidaje da yawa ne a nan, kaka ɗaya, wasu na zuwa masallaci, wasu majami'a. Baffanninmu sun zauna a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa tare da mu, Maigari ya zo da kansa, Liman ya aiko da tawaga, matan unguwa sun shigo da ƙwaryar gari. Maƙwabcinmu mai mota shi ya kai Baba asibiti ranar da ya faɗi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin mai. 'Yan'uwanmu na sauran majami'u su ma sun cika mana gida. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kun kuwa taka. Allah ya bar zumunci.

Ina da roƙo ɗaya ga majalisar ikilisiya, kuma da ladabi nake yi. Baba ya yi sa'a, yana zaune a tsakiyar mutanen da ya yi wa aiki. Akwai tsofaffin katikis da matan marigayan katikis a ƙauyuka masu nisa, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan keke, yau ba gona mai kirki, ba mai leƙa su. A 2021 Paparoma Francis ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya a cikin Ikilisiya. A ganina girmamawar nan ya kamata ta kai ga tukunyar tsofaffinsu. Ko da mudu ɗaya ne daga kowane gida a lokacin godiyar kaka, a ware da sunansu. Mu iyalin Baba mun shirya mu fara.

Muna cikin watan Nuwamba, watan da muke tunawa da matattu. Ku sa Baba cikin addu'o'inku, Ubangiji ya ba shi hutawa ta har abada. Ku ci gaba da leƙa Mama, domin yanzu ne gida zai yi mata faɗi.

Za a yi Misar godiya ta iyali ranar Asabar da ke gaban Lahadin Almasihu Sarki, a majami'ar ƙauyenmu, kuma muna gayyatar kowa. Duk wanda ke bin Baba bashi, ko yake da ajiya a wurinsa, ya zo ya sami babban yayanmu ba tare da jin nauyi ba. Akwai kuma tukwane, kwanoni da tabarmi da suka rage a gida ba mu san masu su ba, suna ɗakin Mama, a zo a duba.

A madadin Mama da dukan iyali.