Yadda Muke Janyo Mazari da Malam Buɗe-Littafi Zuwa Lambun Gida

Sana'armu kashi biyu ce. Muna haƙa ƙananan tafkuna a lambunan gidaje da makarantu, mu dasa tsirran da ƙwari ke so. Idan ƙarshen bazara ya zo, wato Agusta zuwa Satumba a arewacin duniya, sai mu koma mu zauna da masu wurin, mu koya musu kallon abin da ya zo. A lokacin ne mazari ke yawa a bakin ruwa, malam buɗe-littafin da aka ƙyanƙyashe a zagaye na biyu na shekara kuma yana tsaka da shawagi.

Mafi yawan masu kiranmu furanni masu kyau suke so da ruwa garai-garai, cike da kifayen ado. Nan muke fara ja da su. Mai fuka-fukin da ake sha'awar gani galibi 'yan makonni kawai yake rayuwa, kuma inda 'ya'yansa za su samu abinci yake nema. Wanda ya tanadar wa 'ya'yan wuri, iyayen za su zo da kansu, a kuma ga zuriyarsu baɗi.

Ɗan mazari a cikin ruwa yake girma, ba shi da fuka-fuki, launinsa kamar laka. Wasu nau'o'in suna gama girma cikin 'yan watanni, wasu sai sun shekara biyu ko fiye a ƙasan ruwa, suna cin 'ya'yan sauro da 'ya'yan kwaɗi, suna saɓa kamar sau goma ko fiye. Kifi kuwa cinye ɗan mazari yake yi. Shi ya sa sharaɗinmu na farko shi ne babu kifi. Mai son kifi, mukan ba shi shawarar ya yi musu nasu ramin daban.

Wurin tafki sai inda rana ke bugawa aƙalla awa 5 zuwa 6, nesa da gindin babbar bishiya, don ganyen da ke zuba yana ruɓewa ya shanye iskar ruwa. Faɗin mita 2 da tsawon mita 3 ya isa. Tsakiya mukan kai zurfin santimita 60, don kada ruwan ya yi zafi da yawa ko ya ƙafe. Amma yawancin rayuwar tafki a gefe take, saboda haka kusan rabin filinsa matakai ne marasa zurfi, santimita 10 zuwa 30, da gangare mai sauƙi ta ɓangare guda yadda duk abin da ya faɗa zai iya fita. Kafin a shimfiɗa komai a duba bakin ramin ya daidaita ta kowane gefe, in ba haka ba ruwa zai malala ta ɗaya, ɗayan kuma roba ta fito fili rana ta cinye ta.

Lissafin robar shimfiɗa ba wuya: tsawon rami, a ƙara ninki biyu na zurfi, a ƙara santimita 60 na naɗin baki. Haka ma faɗi. Ramin mita 3 da mita 2 mai zurfin santimita 60 yana buƙatar roba mai mita 4.8 da mita 3.8. A tsince duwatsu da saiwoyi, a zuba yashi mai laushi kaurin santimita 5 a ƙasa. Yawancin yoyon da ake kiranmu gyarawa, ɗan dutse guda ne da aka bari nauyin ruwa ya danna shi ya huda roba.

Wajen cika tafki, ruwan sama ya fi. Idan dole sai na famfo, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu sinadarin kulorin ya fita. Kada a zuba ƙasar lambu mai taki a ciki. Taki shi ke ciyar da gansakuka, cikin makonni ruwa ya koma kore shar. Tsirran ruwa iri uku muke sakawa: masu zama ƙarƙashin ruwa inda 'ya'yan ke ɓuya, masu shimfiɗa ganye a sama irin bado inda mace ke sauka ta saka ƙwai, da masu miƙaƙƙen kara da ke tsaye a ruwa. Ganyen sama kada ya rufe fiye da rabin fuskar ruwa, domin mazari da ido yake gane tafki, ta ƙyallin haske. Wannan ƙyallin ne ma yake yaudararsa har ya saka ƙwai a kan rufin mota ko baƙar leda.

Tsirrai masu miƙaƙƙen kara su ne tsanin ɗan mazari. Ranar da zai bar ruwa, yawanci da dare ko da sassafe, sai ya hau kara ya kama da ƙarfi, bayansa ya tsage, sabon jiki ya zaro kansa a hankali yana lilo, fuka-fukan a cukurkuɗe kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Awa ɗaya zuwa uku yake ɗauka kafin su miƙe su bushe. A wannan halin ko taɓawa ba a yi, fiffiken da ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. Saɓar da ya bari a jikin kara ita muke fara nema idan muka koma duba aiki. Mazarin da ke shawagi yana iya zama ɗan wucewa, amma saɓa shaida ce cewa a nan aka haife shi.

Tambayar da ba ta taɓa wuce mu ita ce ta sauro, kuma tambaya ce mai kyau. Sabon tafki yakan tara 'ya'yan sauro a makonnin farko kafin masu cin su su iso. A wannan tsakanin muna amfani da maganin Bti, wanda daga wata ƙwayar cuta ta ƙasa ake yin sa. Yana kashe 'ya'yan sauro, ba ya taɓa ɗan mazari. Fesa maganin ƙwari na gama-gari kusa da ruwa ko kan furanni kuwa rusa aikin ne gaba ɗaya. Gidan da ke da ƙananan yara kuma ba ma haƙa masa tafki sai da shinge, domin ruwa kaɗan ma haɗari ne gare su.

Shi malam buɗe-littafi abinci biyu yake buƙata. Babban yana tsotsar zaƙin fure, kuma ya fi son furanni masu faɗi da zai iya tsayawa a kai, a dasa su a dunƙule, biyar ko bakwai iri ɗaya, a wurin rana da iska ba ta kaɗawa. A riƙa yanke waɗanda suka bushe don sababbi su fito har ƙarshen lokaci. Tsutsarsa kuwa tana da tsirfa, kowane nau'i da ganyen da yake ci. Mace da ƙafafunta take ɗanɗana ganye kafin ta saka ƙwai. Masu dogon bindi a fiffike wasunsu ganyen lemo suke bi, wasu dangin karas. Fararen nan kabeji da danginsa. Mai ruwan goro da baƙin zane da ke ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, tafiyar da takan kai kilomita 4,000, tsutsarsa dangin tumfafiya kaɗai take ci. Don haka ganye mai huji-huji a lambu alama ce ta nasara, kuma mukan roƙi a bar kusurwa guda ta ciyawa ba a yanke ba.

Ƙarin abu biyu masu sauƙi: faranti mai jiƙaƙƙen yashi da 'yar laka, inda maza ke taruwa su tsotsi gishirin ƙasa, da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ga nau'o'in da ba su damu da fure ba. A ajiye na biyun nesa da wurin zama, yana jawo rina da tururuwa.

Kallon kansa yana da ƙa'ida. Waɗannan ƙwari da zafin rana suke ɗumama jiki, saboda haka daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne lokacinsu, a ranar da babu iska mai ƙarfi. A sa tufa mara ƙyalli, a matso a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kansu. Mukan kafa sanda mai tsawon mita 1 a bakin tafki. Namijin mazari yana da wurin da yake tsarewa, zai tashi ya kori abokin gaba ko ya cafke ƙwaro, ya dawo kan sandar nan dai. Wanda ya zauna shiru mita 2 daga gare ta zai ga har yadda kansa ke juyawa. Madubin hangen nesa da ke iya kama abu a tazarar ƙasa da mita 2 ya fi mai ƙarfin jawo nesa amfani a nan.

Abin da muke fara koyarwa shi ne rarrabe manyan mazari da sirara. Babba idan ya sauka fuka-fukansa a baje suke, idanunsa manya galibi suna haɗuwa a saman kai. Siriri yakan haɗe nasa a tsawon jiki, idanunsa a ware gefe da gefe. Idan rana ta take, za a ga wasu sun ɗaga bindi sama tsaye, suna rage wurin da zafi ke bugawa. Malam buɗe-littafi na ƙarshen bazara kuma sau da yawa fiffikensa ya yage, launi ya koɗe, don haka a ɗauki hoton sama da na ƙasan fiffike kafin a yanke hukunci kan nau'insa.

Don a san ko lambu yana ci gaba, sai da ƙirga. Mun ɗauki tsarin minti 15 da ake amfani da shi a ƙidayar malam buɗe-littafi ta shekara-shekara a Birtaniya tun 2010: a tsaya wuri guda, a rubuta adadi mafi yawa na kowane nau'i da aka gani a lokaci guda, don kada a ƙirga ɗaya sau uku. A yi sau ɗaya a mako, a rubuta kwanan wata da yanayin sama.

Gyaran tafki a ƙarshen bazara kaɗan ne. Ruwa zai ja baya, a ƙara masa da na sama kaɗan-kaɗan. Idan gansakuka ta yi yawa, a naɗe ta da sanda, a ajiye a bakin ruwa ta kwana, 'ya'yan mazarin da suka maƙale a ciki su rarrafa su koma. Kwashe lakar ƙasa kuwa a bari sai sanyi ya fara shigowa, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, domin a cikinta na baɗi suke kwance.