Allurar kaska kafin tafiya Turai: lissafin lokaci shi ne komai

Duk wanda zai je karatu, aiki ko yawon buɗe ido a tsakiyar Turai, gabashinta ko Rasha, kuma ya san ƙafarsa za ta taka ciyawa ko daji tsakanin Afrilu da Nuwamba, ya kamata ya san da wata cuta da babu ita a ƙasashenmu: kumburin ƙwaƙwalwa da cizon kaska ke jawowa. Likitocin Turai suna kiranta TBE, a Jamus da Ostiriya da Suwizalan kuma FSME za ka gani a rubuce. Ka riƙe waɗannan haruffa, da su za ka tambaya a asibiti.

Akwai allurar rigakafinta, amma ba a neman shaidarta a ofishin biza, ba kuma mai tambayarka katinta a filin jirgi kamar yadda ake yi da katin shawara. Shi ya sa matafiya da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Amma cutar ba ta da magani. Ƙwayar bairos ce, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, idan ta kama mutum sai dai a kwantar da shi a tallafa wa jikinsa.

Inda ta fi yawa su ne Lituweniya, Latbiya, Istoniya, Jamhuriyar Cek, Silobeniya, Ostiriya, kudancin Jamus musamman jihohin Bayern da Baden-Württemberg, Suwizalan, Polan, wasu sassan Suwidin da Finlan, sannan faɗin Rasha har arewa maso gabashin Sin. A Jamus cibiyar Robert Koch, wato hukumar gwamnati mai sa ido kan cututtuka, tana fitar da taswirar gundumomin haɗari duk shekara, kuma ita ce abin dubawa, don haɗarin gunduma-gunduma yake. Wanda zai yi mako ɗaya yana taro cikin birni bai da babbar buƙata. Ɗalibin noma ko kiwo da za a riƙa fita da shi gona, mai aikin gandun daji, mai kwana a tanti, da iyalin da yaransu za su yi wasa a ciyawar bakin gari, su ne nake ganin bai kamata su yi sakaci ba.

Kaskar can ba irin ƙatuwar da muka saba cirewa a jikin shanu ba ce. 'Yar ƙaramarta, wadda ta fi cizon mutane, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma cizonta ba ya zafi. Ba daga bishiya take faɗowa ba, a bakin ciyawa da ƙananan tsirrai take jira har wani ya goga. Ƙwayar cutar tana cikin yawunta, don haka cikin 'yan mintuna da cizo tana iya shiga jiki. Cire kaska da wuri abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin allura.

Akwai hanya ta biyu da ta shafe mu, mu masu son nono: ɗanyar madarar akuya, tunkiya ko saniya da ba a tafasa ba, da cukun da aka yi da ita. Idan an miƙo maka madara a gona a waɗannan yankuna, ka tambaya ko an dafa.

A Turai allurai biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce FSME-Immun ta kamfanin Pfizer, wadda ake sayarwa da sunan TicoVac a Ingila da Amurka. Ta biyu Encepur. Dukkansu matacciyar ƙwayar cuta ce, ana yin su a tsokar damtse. Babba yana karɓar mililita 0.5, yaro daga shekara 1 yana karɓar 0.25. A FSME-Immun ana shiga ma'aunin manya a shekara 16, a Encepur kuma a shekara 12.

Tsarin da aka saba allura uku ne. Ta biyu tana zuwa wata 1 zuwa 3 bayan ta farko. Ta uku tana zuwa wata 5 zuwa 12 bayan ta biyu idan FSME-Immun ce, wata 9 zuwa 12 idan Encepur ce. A nan mutane suka fi kuskure: allura ɗaya ba kariya ba ce. Sai kamar mako biyu bayan ta biyu jiki yake samun kariyar da za a dogara da ita na wannan kakar, ta uku kuma ita ke ɗorar da ita shekaru. Idan lokaci ya ƙure akwai tsarin gaggawa. A FSME-Immun ana iya yin ta biyu kwana 14 bayan ta farko. A Encepur ana yin uku a rana ta farko, ta 7 da ta 21, sannan a ƙara ɗaya bayan wata 12 zuwa 18. Ko da gaggawar, ka ware aƙalla wata guda kafin ka shiga daji. Ɗalibin da ya isa a watan Satumba ko Oktoba yana da sa'a: ya fara allurar da hunturu, lokacin da kaska ta lafa, kafin Afrilu ya gama biyu.

Bayan kammala ukun, ana ƙarin farko bayan shekara 3, daga nan duk shekara 5, tsofaffi kuma duk shekara 3 saboda kariyarsu ta fi saurin raguwa. Suwizalan ta ɗauki shekara 10 tsakanin ƙari da ƙari. Wanda ya makara da wata allura yawanci ba ya komawa farko, ana ci gaba ne daga inda ya tsaya, shi ya sa adana katin allura ke da muhimmanci. Abin da ke biyo baya galibi ciwon hannu ne, kasala ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ya fi yawa ga ƙananan yara. Mai zazzaɓi ya jira ya warke. Wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini ya faɗa wa likita, don a ƙwayoyin halittar ɗan tsako ake rainon ƙwayar. Mai ciki ma sai an auna girman haɗarin tukuna.

Yin allura bayan kaska ta riga ta cije ka ba ya hana cutar wannan cizon. Haka kuma allurar ba ta kare ka daga Lyme, wata cuta dabam da kaskar nan ce ke yaɗa ta, don haka dogon wando da aka cusa cikin safa, maganin shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET, da duba jiki da yamma suna nan daram. A duba bayan gwiwa, hammata, matsematsi, da gindin gashi da bayan kunnen yara. In an ga kaska, a kama ta da siririn hantsaki dab da fata a ja ta a hankali kai tsaye. Kada a zuba mata kananzir ko mai, kada a ƙona ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai dawowa gida da cutar a jikinsa. Alamu sukan fara kwana 7 zuwa 14 bayan cizo, wani lokaci har kwana 28: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki. A wurinmu nan take za a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani, kuma da yake zangon farko yana wucewa da kansa cikin 'yan kwanaki, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki. Bayan kamar mako guda wasu sai zazzaɓin ya dawo da sanƙarewar wuya irin ta sanƙarau, ruɗewa, rawar jiki ko shanyewar hannu. Nau'in Turai yana kashe kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda suka kai wannan mataki, na gabas mai nisa ya fi muni ƙwarai, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu fama da mantuwa da raunin gaɓɓai shekaru. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin wata guda da dawowa daga waɗannan ƙasashe, ka gaya wa likita inda ka je, ko ka shiga daji, da ko ka sha ɗanyar madara, ko da ba ka tuna wani cizo ba.