Tokar da aka fi shekara 140 ana rigima a kanta

Ni fa abun da ya fara ja na wajen kurket (wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda) ɗin Ingila da Ostireliya ba wasan bane, sunan gasar ne, Ashes, wato toka. Manyan ƙasashe biyu wai akan toka suke ta kai ruwa rana!

Kuma asalin abun zolaya ce. A 1882 a filin Oval dake Landan maki 85 kacal Ingila ke nema, kowa ya ɗauka an gama, sai wani mai jifa na Ostireliya Fred Spofforth ya taso haiƙan ya dinga fidda su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare a 77, ɗalibai sun zo har gida sun kada malamansu. Jaridar Sporting Times ta buga sanarwar rasuwa ta barkwanci, wai kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙona gawar a kai tokar Ostireliya. Kyaftin ɗin Ingila Ivo Bligh yace shi zai je ya ƙwato ta, da yaje kuwa wasu matan Melbourne suka bashi ɗan tulun yumɓu, ance tokar ɗan itacen da ake ɗorawa kan sandunan wasa ce a ciki. Ɗaya daga matan, Florence Morphy, ita ya aura daga baya, kaga riba biyu kenan.

Inda wasa ya so ya zama faɗa shine 1932 zuwa 1933. Don Bradman, mai dukan ƙwallo na Ostireliya, ya gagari kowa, sai kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine ya sa mai jifansa Harold Larwood ya riƙa auna jikin mutum da ƙwallo, ita kuma ƙwallon nan tauri gareta kamar dutse, sannan babu hular kwano lokacin. A Adelaide ta sami Bill Woodfull a ƙirji, ta fasa ma Bert Oldfield kai, dukansu 'yan wasan Ostireliya. Ingila ta ci 4-1 amma ni dai ban ga abun tinƙaho ba, dole daga baya aka gyara dokar.

Tulun kuwa bai kai tsawon tafin hannu ba, kuma ko Ostireliya ta lallasa su 5-0 kamar yadda tayi a 2006 zuwa 2007 ba a bata shi, kofin gilashi ake miƙa ma wanda ya ci, shi tulun yana can gidan tarihin filin wasa na Lord's a Landan cikin akwatin gilashi.