Mabuɗin Firij

Sau uku ina zuwa bita a kan zubar jini bayan haihuwa. Duka a otal aka yi, ga shayi ga alawus. In dawo da jaka da takardar shaida, in cusa a kabad. Abokan aikina na ɗakin haihuwa ba su taɓa tambayata me aka koyar ba, ni ma ban taɓa tara su na faɗa ba.

Wani aikin dare ne ya tona mana asiri. Wata mata ta sauka lafiya, haihuwarta ta bakwai, mabiyiya ta faɗo, muka koma kan wata mai naƙuda. Inna mai shara ce ta zo ta dafa ni, ta ce, "Sista, zo ki ga zanen baiwar Allahn nan." Ya jiƙe sharkaf, jini har yana ɗiga ƙarƙashin gado. Abin yi kam na san shi kamar yunwar cikina. Amma oxytocin ɗin da ke hannu, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ya ƙare, sauran yana firij, firij a kulle, mabuɗi kuma a jakar wadda ta tashi aiki tun magariba. Ɗalibar da ke tare da ni ta tsaya riƙe da ledar ruwa tana kallona, don ba wanda ya taɓa gaya mata inda za ta tsaya in irin wannan ta taso. Da sauran kwananta a gaba, matar ta rayu, bayan mijinta da ƙaninsa sun ba da jini.

Washegari metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta tara mu. Na shiga da shirin karɓar takardar tuhuma. Sai ta ce, "Ba wanda ya yi nake nema ba. Ku gaya mini abin da ya faru, daga farko har ƙarshe." Har Inna aka ba kujera, kuma ita ce ta faɗi abin da ya fi ƙona mini rai: ta ga jinin tun da farko, amma ta ji nauyin katse ma'aikata suna aiki.

Daga nan muka fara atisaye ranar Laraba, bayan miƙa aiki, minti ashirin kacal. Matashin kai ne mai jego. Wata ta murza mahaifa, wata ta sa ruwa, wata ta zuƙo allura, wata ta kira likita tana duba agogo. Ranar farko dariya muka sha, mutum biyu suka ruga firij tare, ba wanda ya ɗauki waya. Likitoci sun fi wuyar shawowa. Babba ba ya son ɗaliba ta ce masa ya tsallake wani mataki, ko da kuwa a kan matashin kai ne.

A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni, a daina kintace da ido. Da zarar jini ya kai mililita 500, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid (wani maganin tsayar da jini), ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba in bai tsaya ba. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Abin da ya tsaya mini shi ne babu sabon magani a ciki, duk muna da su. "Lokaci guda" ɗin nan ne ungozoma ɗaya ba za ta iya ba, kome yawan bitar da ta je. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba wai mun gama ba ne. Kowane canjin wurin aiki yana kwashe mana waɗanda suka gwane, mu sake daga farko da sababbi, wata Larabar kuma cunkoso ya cinye ta. Mabuɗin firij dai yanzu a zare yake, rataye a wuyan duk wadda ke bakin aiki. Inna kuma, in ta ga zane ya jiƙe, daga inda take tsaye take ƙwala kira.